Hular Malam da Jajen Amurka

Surukata ta ajiye waya a gabana ta ce in yi ta magana, wayar za ta riƙe, ita kuma ta rubuta in ta sami sarari. Na ce to, amma ta sani ni ban yarda da duk abin da ke haɗiye magana ya ajiye ba. Na san mutumin da ya riƙe ƙasar da ta fi kowace ƙarfi, irin wannan na'ura ce ta fitar da shi daga gidan mulki ko hula babu. Ban taɓa shiga aji ba, amma labari in ya shiga kunnena ya sami ɗakin kwana. Wannan kuwa ba ji na yi ba, da ƙafata na je.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, huluna yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Ba ya shan taba, ba ya zaman dara. Rediyo ne kawai ya ɗauke masa hankali, yana rataye a ƙusa saman huluna tun safe har a tashi kasuwa. A cikin rediyon nan ya tsinci wani shugaban Amurka ya mai da shi nasa. Ba su taɓa haɗuwa ba, ban ma tabbata mutumin ya san akwai Kano a duniya ba, amma in Malam ya dawo da yamma, kafin ya tambayi ko yara sun ci abinci sai ya ce, "Kin ji abin da mutumina ya yi yau?"

Kuma yana yi ɗin. A zamaninsa mutane suka taka wata, ya ɗauki tarho daga ofishinsa ya kira su suna can sama. Malam ya ce, "Mu nan in za ka kira Kaduna sai ka wuni a gidan waya. Shi wata ya kira, aka ɗauka." Ya tashi takanas ya tafi ƙasar Sin, mutanen da shekara da shekaru ko gaisawa ba sa yi da ƙasarsa, ya zauna ya ci abincinsu da tsinke biyu. A makon nan Malam ya gwada cin shinkafa da tsinken tsire, ni na wanke rigar. Ya je wajen Rashawa ma suka yi magana a rage makamai. Ya kwaso samarin ƙasarsa daga wani yaƙi da ya ƙi ƙarewa a cikin daji. Masu gardama a kasuwa sukan ce kafin ya kwaso su ai wuta ya zuba wa talakawan can daga sama, ba kaɗan ba. In an kawo wannan, Malam sai ya hau kakkaɓe huluna.

Da gardamar ta yi yawa, 'yan kasuwa suka liƙa wa Malam sunan mutumin. Ya bi shi rumfa, ya bi shi masallaci, masu kawo huluna daga Borno ma da shi suke neman sa. Yara a unguwa ba su san yana da wani suna ba. To ni 'yar mutunci ce, ba na kiran sunan mijina, na yanka ne ko na laƙabi. Tun daga ranar sunan shugaban nan ya haramta a bakina, har yau ɗin nan da nake magana.

Sai ga labarin ɓarayi. An kama waɗansu mutane a ofishin 'yan adawa, da kwat ɗinsu da safar hannu. Na tambayi Malam me suka sata. Ya ce ba ɗauka suka je yi ba, ajiya suka je yi, ƙananan kunnuwa na ƙarfe za su liƙa a jikin tarho don a riƙa jin abin da abokan hamayya ke ƙullawa. Na ce, "Ɓarawo ya haura gida ya bar wa masu gida kaya? Ƙasar nan kam ta ƙoshi." Malam bai yi dariya ba. Ya ce mutuminsa ba shi da hannu, shi da zaɓe ke tafin hannunsa me zai yi da ɓarayi?

Aka yi ta ja, wata na bin wata. Yau a kori wannan, gobe wancan ya tona. Mutumin ya fito ya ce bai san komai ba, Malam ma ya tsaya a kasuwa ya ce bai sani ba. Ashe bawan Allah da kansa ya sa aka dasa masa na'urar ɗaukar magana a ofis, wai don na baya su ji irin hikimar da yake zubawa. Na'ura kuwa ba ta zaɓe. Ta haɗiye hikimar, ta haɗiye ashar ɗin, ta haɗiye inda yake shirya yadda za a rufe maganar ɓarayin nan a hana masu bincike bincike. Alƙalai suka ce ya kawo faifan. Ya ce nasa ne. Suka ce ya dai kawo. Aka kunna, aka ji shi da muryarsa. Ba maƙiyi ne ya ba da shaida a kansa ba, shi ya bayar, ya kuma adana ta da kyau kada ta lalace. Da ya ga za a tsige shi, sai ya sauka da kansa.

Ranar Malam ya dawo tun kafin azahar, ya ƙi cin abinci. 'Yan kasuwa suka biyo shi gida, rabi tsokana rabi gaske, suka cika zaure suna yi masa jaje. Ya zauna ya karɓa, yana amsa amin ɗaya bayan ɗaya. Da suka watse ya shigo ya ce mini, "Ni an zo mini. Shi fa, wa ya je masa?"

Bayan kwanaki ya zo da wata takardar jarida da aka ƙunso masa tsire a ciki, mai duk ya ɓata gefe. Ga mutumin a ƙofar jirgi mai saukar ungulu, ya ɗaga hannu biyu sama, kowane hannu yatsu biyu a ware, yana washe baki kamar shi ya ci. Malam ya ce, "Dubi kansa. An sauke mutum an sake shi cikin rana kai a buɗe." Na ce ai su ba sa sa hula irin tamu. Ya ce shi ya sa irin wannan ke samun su.

Washegari ya zaɓo hula a cikin na rumfarsa, ɗinkin hannu, ruwan toka da zare shuɗi, irin wadda ko an taya ba ya sayarwa da wuri. Da yatsa ya auna kan mutumin a hoton, daga kunne zuwa kunne, ya ce wannan za ta zauna. Ya naɗe ta a farin ƙyalle ya ba ni na sa a ƙasan adakata da kafur. Da ciwon ajalinsa ya yi nauyi, bayan ya gama maganar gida da ta yara, ya riƙe bakin zanena ya ce, "Duk ranar da Allah Ya haɗa ki da mutumin Amurka, ki yi masa jaje a madadina, ki ba shi hular ya kai gida." Na ce to. Da ya rasu na kashe rediyon, ban sake kunnawa ba.

A Kano ban sami Ba'amurke ba. Duk farin da aka nuna mini, in an bincika sai a ce Kwara ne ko likitan Ingila. Kuma ni ba macen da za ta tare Bature a titi ba ce. Hular ta zauna, ina sauya mata kafur.

Gwiwa ce ta kai ni Dubai, a shekarun da suka gama dogon benen nan da ake ɗaga kai har ɗankwali ya faɗi. Babban ɗana yana can yana harkar kago, wato jigilar kaya, da tsofaffin motoci, ya ce in zo a canza mini gwiwar. Na zo da adakata, an yi faɗa da ni a filin jirgi kan nauyinta, na ci. Gidansu yana wajen Al Warsan, a wata unguwa da aka rarraba ta ƙasa-ƙasa. Mu a ɓangaren Sin muke. Na ce Allah mai iko, mutumin Malam ya je Sin, ga matar Malam ma ta zo. Da gwiwa ta fara taka ƙasa na sa surukata ta zagaya da ni. Ita 'yar Zangon Kumasi ce, a wani otal take aikin tarbar baƙi, Turanci a bakinta kamar ruwa. Ta nuna mini ɓangaren Ingila, na Faransa, na Rasha, na Maroko. Na ce a kai ni na Amurka. Ta ce babu. Na ce an gina wa kowa an bar su? Ta ce, "Mma, suna ne kawai. Ɓangaren Faransa ma 'yan Nijar ne a ciki da 'yan Pakistan."

Rannan muna cin abinci ɗana yana waya, yana ta yalla yalla da kalas irin na Larabawa, ya ajiye ya yi tsaki ya ce Ba'amurken nan na Ras Al Khor taurin kai gare shi. Na ajiye cokali.

"Wane ne Ba'amurke?"

"Wani ne da nake sayen motoci a wajensa, Hajiya. Shi ke kawo su daga can."

"Na gaske ne, ko irin na ɓangaren Faransa?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin da adakata take, ya gane. Ai da shi aka yi zaman zaure, yana ɗan yaro yana zuba wa masu jaje ruwa. Ya ce, "Hajiya, don girman Allah. Maganar nan ta shekara nawa? Mutumin nan da shi nake cin abinci. In kika je kika tono musu abin kunyarsu, da wane ido zan koma?"

Na ce, "Jaje yana ruɓewa ne? Ubanka ne ya aike ni, ba kai ba."

Ya ce ba zai kai ni ba. Na ce ban roƙe shi ba.

Na jira ranar da kwantenarsa ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali ya fita tun sassafe, ita kuma surukata tana hutun aiki. Na yi wanka, na sa leshina na zuwa gidan mutane, na ɗauko hular. Ta ce, "Ei, Mma, zai kashe ni." Na ce in ba ta kai ni ba da ƙafa zan tafi, da sabuwar gwiwa, in faɗi a titi, labari ya kai Kano cewa 'yar Kumasi ta bar uwar mijinta a rana. Ta kira tasi.

Ras Al Khor kuwa maƙabartar motoci ce. Wannan ba ido, waccan ba baki, an jera su cikin rana suna ƙamshin ƙarfe da taya. Ofishin mutumin ma kwantena ce aka huda wa taga aka sa mata na'urar sanyi. Muka yi sallama muka shiga bayan la'asar. Ga shi nan, ƙato, jawur, da sanƙo, ya ba hamsin baya amma gajeren wando ne a jikinsa kamar ɗan makaranta. Surukata ta gaya masa ni uwar wane ce. Ya yi murna, ya jawo kujera mai taya.

Ba a yin jaje a kan kujera mai juyawa. Na cire takalmi, na shimfiɗa mayafina a ƙasa, na fara sauka. Sabuwar gwiwa ba ta san wannan aikin ba tukuna, ta kai ni rabi ta tsaya, sai da surukata ta riƙe ni na ƙarasa tim. Mutumin ya zaci suma na yi. Ya yi ihu, ma'aikatansa suka shigo da gudu, wannan da ruwa, wancan yana yi mini fifita da kwali. Na bar su suka gama. Na sunkuyar da kai na yi shirun da ya kamata, don ba a faɗa wa mai jaje da magana kamar an zo sayen gishiri. Sannan na ce, "Ashe abin da ya faru ke nan."

Surukata ta juya masa. Ya leƙa taga ya duba motocinsa, ko wuta ta kama. Ya tambaya me ya faru.

Na ce, "Gaya masa maigidana ne ya aiko ni, kan abin da ya sami shugabansu. Mun ji, ba mu ji daɗi ba. Allah Ya kiyaye gaba."

Ya zaro ido ya wawuri wayarsa, ya zaci wani abu ya sami mai ci a lokacin, baƙin nan siriri. Surukata ta ce a'a, na da ne. Ya ce wanne?

Nan muka tsaya. Na dubi surukata, ta dube ni. Ta san sunan sarai, amma sunan surukinta ne, uban mijinta, ga ni kuma zaune ina kallon bakinta. Ta ce a hankali, "Mma, ko in rubuta masa a waya?" Na ce rubutu ma kira ne, da hannu.

Mutumin ya ga abin ya zama wasan canke, ya gyara zama ya fara. Ya ce ko wanda aka kama da yarinyar ofis? Na ce a'uzubillahi, Malam ba zai zaɓar wa wannan hula ba, kuma shi ai bai sauka ba. Ya ce ko wanda aka jefa da takalmi? Na ce takalmi ba ya sauke mutum. Na ce a gaya masa mai maganar wata. Ya ce to wanda aka harbe a mota ke nan. Na ce da shi ne ai da ta'aziyya zan zo, ba jaje ba, wane irin mutum ne wannan da bai san shugabanninsa ba?

Da na ga za mu kai magariba, na ce a tashe ni. Ma'aikata biyu suka kama, surukata ta tura ta baya, na miƙe. Na tuno takardar tsiren nan. Na cusa wuya cikin kafaɗu, na saki kumatu, na ɗaga hannu biyu sama da yatsu bibbiyu a ware, na washe baki na girgiza su. Ni, da leshina, da jikoki goma sha.

Mutumin ya daki tebur ya kurma sunan.

Ni da surukata muka rufe fuska a tare. Ya sake faɗa. Ya faɗa wa ma'aikatansa, ya leƙa waje ya faɗa wa mai gadi, yana dariya har da hawaye. Tun da aka kai ni gidan Malam ba a taɓa kiran sunansa a gabana da yawa haka ba, kuma da gajeren wando. Na daure, na koma ƙasa, na kwance ƙyallen na tura hular gabansa. Na sa aka ba shi labarin Malam tun daga rediyo har bakin zanena.

Ya daina dariya, amma ya tura hular ta dawo. Surukata ta yi ta murza yatsu kafin ta juya mini. Wai ya ce in yi haƙuri, ni mutuniyar kirki ce, amma mutumin nan maƙaryaci ne, abin da ya same shi shi ya jawo wa kansa. Wai ranar da ya sauka, babansa nama ya gasa a bayan gida ya kira maƙwabta aka sha shagali. Shi ba zai karɓi jajen abin da suka yi wa biki ba.

Na ce, "Tambaye shi, a garinsu in mutum ya bar fitila ta cinye ɗakinsa, sai an gama shari'ar wa ya bar ta sannan a je masa? Ni ban zo wanke kowa ba. Jaje na kawo, kuma ba a komawa da shi gida. Ina nan."

Na gyara zama na jingina da firjinsa.

Ashe surukata ta riga ta aika wa mijinta saƙo a ɓoye. Sai ga shi ya faɗo kwantenar sharkaf da gumi, takardun tashar jirgin ruwa a hammata. Ya ba Bature haƙuri da Turanci, ya ba ma'aikata haƙuri da Larabci, ya durƙusa gabana ya ce, "Hajiya, ya ce ya gode, ya karɓa. Kalas. Yalla mu tafi."

Na ce, "Ni za ka yi wa fassarar ƙarya? Na san fuskar wanda ya gode. Wannan fuskar mai jiran a fita ce."

Na juya wajen surukata, don ita ba ta iya ƙarya a gabana ba. Na ce ta tambaye shi, duk gidansu kaf, ranar da ake gasa naman nan, babu ko mutum ɗaya da abin ya taɓa?

Ya buɗe baki zai ce babu, sai ya tsaya. Ya shafa sanƙonsa. Ya ce babarsa ba ta fito ba ranar. Tana ɗakin girki ita kaɗai da ƙaramin talabijin, ta ƙi miƙo ko gishiri. Sai bayan babansa ya mutu suka gano ashe duk zaɓen da aka yi mutumin nan take jefa wa ƙuri'a, ta dawo gida ta ce wa mijinta ta bi nasa.

Na ce tana raye? Ya ce tana nan, ta tsufa tukuf, tana gidan ƙanwarsa. Na ce a kira ta. Ɗana ya dafe kai. Bature ya dubi agogo ya ce yanzu can safiya ce, ta tashi. Ina jin so yake ya ga ƙarshen abin, ko kuma so yake ya sami hanyar firjinsa. Ya kira, ya buɗe murya, ya ajiye wayar a ƙasa kan mayafina, shi ma ya zauna dirshan da jajayen gwiwoyinsa.

Muryar ta fito siririya tana rawa, irin ta tsofaffin da haƙora suka bari. Ɗanta ya yi mata bayani, ta ce me? Ya sake, da ƙarfi.  Na matsa kusa na yi sallama, na ce, "Baiwar Allah, maigidana ne ya aiko ni tun yana da rai. Ashe abin da ya sami mutuminku ke nan. Mun ji tun a lokacin, hanya ce ba ta samu ba. Allah Ya kiyaye gaba, Allah Ya mayar da alheri."

Surukata ta juya, ɗan ya ƙara da ƙarfi. Sai muka ji tsohuwa tana jan hanci. Ta yi magana mai tsawo, surukata na tsinto mini. Wai ta san ya yi ƙarya, ta ji faifan da kunnenta, ta ji haushinsa har ta cire hotonsa daga bango ta sa a aljihun tebur. Amma ba ta yar ba. Wai ƙaramin ƙaninta yana cikin samarin da aka kwaso daga yaƙin nan, ya dawo da ƙafafunsa biyu. Wai tun ranar gashin naman nan ba wanda ya taɓa ce mata sannu, ko ranar da aka binne shi ita kaɗai ta zauna ta kalla.

Na ce, "Aka binne wa?"

Surukata ta ce, "Shi, Mma. Wai ya daɗe da mutuwa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kashe rediyo, ba wanda ya gaya mini. Na juya na dubi ɗana, ya hau karanta takardun hammatarsa. Na ce to a tsaya, kada a haɗa. Jajen na Malam ne, an gama shi. Yanzu ga tawa. Na sake yin shiru daga farko, na ce ashe an yi rashi, Allah Ya ba ku haƙuri, Allah Ya ba mu guzurin tamu tafiyar.

Tsohuwa ta tambaya me ake amsawa a wajenmu. Surukata ta gaya mata. Ta ce ai wannan ta san shi, a cocinsu ma shi ake cewa. Ta gyara murya daga can ƙarshen duniya ta ce, "Amin." Ta sake cewa, "Amin." Ɗaya na Malam, ɗaya nawa, ban ma roƙa ba.

Na tura hular. Wannan karon ɗanta ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai je gida hutun ƙarshen shekara, zai kai. Aka taru aka tashe ni. A mota, da muka shiga ɓangaren Sin, ɗana ya ce, "Hajiya, yanzu kin huta?" Na ce ba ni ce na huta ba.

Cinikinsu bai lalace ba, bai kuma gyaru ba, taurin kan yana nan. Sai dai ɗana ya ce duk ranar da ya shiga wajen, daga Bature har masu wankin mota sai su cusa wuya su ɗaga masa yatsu bibbiyu.

Ina shirin komawa Kano hoto ya shigo wayar surukata. Ga tsohuwa a kujera, bargo a cinya, tsohon hoton mutumin a hannunta, hular Malam kuma a kanta. Hular maza, a kan mace, ta nutse har ta rufe mata kunnuwa, ba ta ko karya ta gefe ba. Na daɗe ina kallo. Na so in ce a kira a gaya mata ba haka ake yi ba, sai na tuna Malam cewa ya yi a kai gida, bai ce ga kan da za ta hau ba. Kuma yadda ta yi wa tsohuwa yawa, na tabbata awon da ya yi da yatsa daidai ne, da mai ita ya samu da ta zauna masa ɗas.

Na sa aka wanke mini hoton a takarda. Da na isa gida na rataye shi a ƙusar da rediyon Malam yake, na tsaya na ce, "An kai, an karɓa." Ban kira suna ba.

To, 'yar Kumasi, kashe abin nan haka. Juyo da shi in gani da idona ya mutu, sannan in gaya miki abin da na ce a raina game da gajeren wandon.